Ina Kuɗin Tikitin Kara Suke Zuwa a Dakoro?

Duk wanda ya taɓa kora rago ko sa zuwa karar Dakoro ya san da mai yanka tikiti. Mai tebur a cikin kasuwa yana biya, mahauci yana biya, direban da ke lodi a tasha yana biya. Daga waɗannan 'yan kuɗaɗe, haɗe da harajin shekara, ƙaramar hukuma take haɗa abin da ake kira kuɗinta na kanta. Amma ka tambayi mai biyan ko nawa kasuwar ta tara bara, da abin da aka yi da su, da wuya ya iya ba ka amsa.

Dakoro, da ke arewacin jihar Maraɗi, mahaɗa ce. Manoman gero suna kudu, ta wajen Kornaka da Sabon Mashi, makiyaya Fulani da Buzaye kuma suna gangarowa daga hayin kwarin Tarka da garkensu. Saboda haka kasuwannin dabbobi su ne babbar rijiyar kuɗin ƙananan hukumomin yankin, kuma a nan ne yoyo ya fi sauƙi. Ciniki ne na hannu da hannu, cikin ƙura da cunkoso, dillali yana tsakani. Idan aka karɓi kuɗi ba a yanka tikiti ba, babu wata takardar da za ta nuna an karɓa.

Harajin shekara ba shi da yawa a baki. A ƙauyuka da dama sefa 700 ne a kan kowane baligi, wato dala 140, kuma masu gari da shugabannin rugage ne ke tattarawa, ana ba su wani kaso a ciki. Sai dai magidancin da ke biya wa mutum shida ko bakwai a shekarar da damina ta gaza ya san nauyin kuɗin. Ana yawan cewa talaka ba ya son biyan haraji. Ni a ganina, abin da yake ƙi shi ne zuba kuɗi inda ba ya ganin ƙarshensu. Mutumin nan fa shi ne yake ba da gudummawar gyaran rijiya ko ginin masallaci ba tare da an aiko masa da dogari ba, domin yana ganin aikin da idonsa.

Doka ba ta bar wannan gurbi a buɗe ba. Bayan zaɓen ƙananan hukumomi na Yulin 2004, kansiloli ne suka riƙa amincewa da kasafin kuɗi, sarakuna suna zama a majalisar don ba da shawara amma ba sa jefa ƙuri'a. Kundin dokokin ƙananan hukumomi na 2010 ya ce zaman majalisa a buɗe yake ga jama'a. Matsalar ita ce kasafin da Faransanci ake rubuta shi, a ƙasar da mafi yawan masu biya ba sa karanta shi.

A Afrilun 2024 hukumomin soja sun rusa majalisun nan, suka naɗa kantomomi. Kansilan da a da mutum zai tare a gidan biki ya yi masa tambaya babu shi yanzu. Wannan ya ƙara wa kantoma nauyin fitowa ya yi bayani, tunda ba a bar wani tsakaninsa da jama'a ba.

Ba sabon abu ake nema ba. Tun 1989 birnin Porto Alegre na Brazil ya fara tara mazauna unguwanni su zaɓi ayyukan da za a sa a kasafi, Fissel ta Senegal ma ta bi sahu. Dakoro tana iya farawa da abin da bai kai haka tsada ba: allo a ƙofar kara da ke nuna yawan tikitin da aka yanka da kuɗin da suka shigo kowace ranar kasuwa, da karanta kasafi a rediyon al'umma da Hausa, Fulatanci da Buzanci. A kuma sa ranar taron bayani kafin makiyaya su yi nisa, domin kuɗinsu na cikin asusun.

Kai kuma mai biya, kada ka miƙa ko dala ɗaya ba a ba ka tikiti ba. Ka ajiye shi, ka je da shi ofishin kantoma ka nemi a nuna maka kasafin bana.