Mita Mai Kati: Me Ke Cinye Kuɗin?

Tun 2013 kamfanin KEDCO ke raba wutar lantarki a Gwarzo da Kabo. Gidan da ke da mita mai kati, sai ya biya tukuna ya sha wuta.

Awon wuta sunansa yunit. Yunit ɗaya yana riƙe ƙwan fitila mai wat 10 har awa 100. Amma rishon lantarki mai wat 1,000 zai cinye shi a awa ɗaya tak. Haka dutsen guga da hitar ruwa. Abin da ke yin zafi shi ke cin kati. Dafa wake kuwa, ba a magana.

In kati ya ƙare, wuta ta yanke ke nan, ko da tuwo na kan risho. Mita ba ta ba da bashi. Gidan da ba murhu ko gawayi, ranar sai a kwana da yunwa.