GARGAƊI: Da Filashi Ɗaya Ana Iya Kwashe Duk Sirrin Kwamfutarku

Zuwa ga 'yan kasuwar Malam Atta da 'yan uwa na Nima, Mamobi da New Town, musamman wakilan MoMo, masu shagunan buga takardu, da iyayenmu mata masu ajiye lissafin bashi da adashi a kwamfuta.

Jama'a, a yi hattara! Ana iya ɗora wa ɗan ƙaramin filashi cikakkiyar manhajar tafiyar da kwamfuta, irin su Ubuntu ko Tails. Da an soka shi, aka kunna na'ura, aka danna F12 ko F9, sai ta tashi daga filashin, ko ta kan Windows ba za ta bi ba. Ke nan babu mai tambayar kalmar sirrinku. Kalmar sirri kwaɗo ce a ƙofar gida, shi kuwa wannan ta katanga yake haurowa. Muddin ba a kulle rumbun ajiyar kansa ba, hotunan Ghana Card, fasfo, takardun fili da lambobin abokan ciniki duk a fili suke. A kwafe, a zare filashi, da wuya ku ga wata alama.

Fasahar kanta ba laifi ba ce, da ita masu gyara na kirki suke ceto bayanai idan Windows ta ƙi tashi. Sai dai tun da Microsoft ya janye tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba sa ɗaukar Windows 11, masu neman mafita za su riƙa karɓar filashi daga hannun kowa. Nan haɗarin yake.

Don Allah ku yi waɗannan yau:

1. Ku kunna BitLocker ko makullin rumbu da ke cikin Windows ɗinku. Lambobin ceto guda 48 da zai ba ku, ku rubuta a takarda ku adana a gida.
2. Ku sa kalmar sirri a BIOS, wato saitin da ke tayar da na'ura, ku hana ta tashi daga filashi.
3. In za ku kai gyara, a Circle ne ko a unguwa, ku fara kwashe muhimman takardu, ko ku tsaya a yi a gabanku.
4. Kada ku sayi filashin da aka ce an riga an sa masa Windows. Ba ku san abin da aka cusa a ciki ba. Ku sauko da manhaja daga shafin masu ita.
5. Mai gwada Ubuntu ya karanta kafin ya danna. Zaɓin girkawa na iya goge rumbu ƙarƙaf.

Wanda ya ga alamar an taɓa bayanansa, ya canza kalmomin sirri da lambar sirrin MoMo nan take, ya kira 292, layin Hukumar Tsaron Intanet ta Ghana.

Bayanan abokan ciniki amana ce a wuyanmu. Ku isar da wannan saƙo a masallatai, rumfuna da majalisu. Allah Ya tsare mana dukiya da mutunci.