Sabulun Salo: Abokin Hannu A Lokacin Hunturu

Ga hunturu ya kunno kai, lokacin kaushi da faso. Malamin da ke wanke tawada a yatsunsa, da ɗan kasuwan da ke wuni yana juya hatsi da kuɗi, su ne suka fi sanin zafin tsagewar hannu. Da yawa kuwa su ke jawo wa kansu, domin suna wanke hannu da garin sabulun wankin tufafi, wanda ke kwashe maiƙon fata ƙaf. Alhali kuwa iyayenmu mata sun daɗe da sanin abin da ya fi wannan, watau sabulun salo.

Asalinsa abu biyu ne kurum, toka da mai. Akan ƙone karan dawa ko na gero har ya zama toka, a zuba a tukunya mai huji a gindi, a shimfiɗa ciyawa a ƙasa, a kwarara ruwa, a tari abin da ya ɗigo. Wannan shi ne ruwan toka. Sai a tafasa shi har ya yi ƙarfi. Alamar ƙarfinsa ita ce a saka ɗanyen ƙwai sabo, in ya taso ya leƙo sama, to, ya kai.

Sa'an nan a narka man kaɗanya a kan wuta kaɗan kaɗan, a riƙa zuba ruwan tokar sannu a hankali, ana tuƙawa da muciya ba ƙaƙƙautawa, har ya yi kumfa, ya kwanta, ya yi kauri kamar tuwo. A sauke, a bari ya huce, a cura, a ajiye a inuwa mako biyu ko fi.

Wani masani na ƙasar Faransa, Chevreul, ya bayyana sirrin wannan aiki a littafinsa na 1823. Ya nuna cewa idan mai ya gamu da irin wannan ruwa, yakan rabu gida biyu: sabulu, da wani ruwa mai danƙo da ake kira gilisarin, mai riƙe laima a fata. Masana'antu sukan cire shi su sayar dabam, amma a sabulun gida yana nan ciki. To, laushin sabulu yana ga ma'auni. In toka ta rinjayi mai, zai ci hannu. In mai ya ɗan rinjaya, zai wanke dauɗa ya bar fata da santsi. Saboda haka a ƙara ɗan man kaɗanya kafin a sauke.

Hattara dai: ruwan toka mai ƙarfi yana ƙuna, a tsare ido, a nisantar da yara. Kada a dafa a tukunyar alminiyam, domin yakan cinye ta, sai ta ƙasa ko ta baƙin ƙarfe.

Ku kuma masu sarinsa, ku fara gwada shi a bayan hannunku. In ya yi zafi, bai nuna ba, kada ku sayar wa mai jego ta wanke jinjiri da shi.