Gadar Mostar Da Abin Da Ido Ba Ya Gani

Malamin nan Hasan bin Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya rasu a Alƙahira, ya ware kashi na uku na littafinsa Kitabul Manazir kacokan domin bayani a kan kurakuran gani. A wurinsa, ido haske da launi kawai yake karɓa, sauran aikin kuwa na hankali ne, shi ke yanke hukunci cikin gaggawa bisa abin da ya saba, kuma a nan kuskure ke shigowa. Mai karatun Alƙur'ani ya san misalin haka a Suratun Namli, inda sarauniyar Saba ta ga daɓen gilashi a fadar Annabi Sulaiman (AS) ta zaci ruwa ne.

Wannan bayani ya dace da birnin Mostar na ƙasar Bosniya. A shekarar 1566, bisa umarnin Sarkin Daular Usmaniyya Sulaiman Alƙanuni, magini Hairuddin ya kammala wata gadar dutse mai baka ɗaya a kan kogin Neretva. In ruwa ya kwanta, inuwar bakan kan haɗu da shi har mutum ya ga kamar zobe cikakke. Gadar ta yi shekara 427 a tsaye, kafin dakarun Kuroshiyawan Bosniya su ruguza ta da luguden wuta ranar 9 ga Nuwamba, 1993. An sake gina ta da irin dutsenta na asali, aka buɗe ta a watan Yulin 2004, shekara guda bayan haka hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya.

Tun daga lokacin, hoton gadar ya zama tambarin sulhu. Duk wanda ya kalle shi zai ɗauka Musulmi na wannan gaɓa, Kiristoci na waccan, gada kuma ta sada su. To, ba haka abin yake ba. Bakin gadar duka biyu yana cikin tsohon gari ne, wato ɓangaren Musulmi. Iyakar gaskiya tana can yamma kaɗan, a kan wani faffaɗan titi da ake kira Bulevar, inda dakarun ɓangarorin biyu suka ja daga a lokacin yaƙi. Babu katanga a wurin, babu shinge, motoci na wucewa abinsu. Amma daga wannan titi gari ya kasu: jami'o'i biyu, kamfanonin wutar lantarki biyu, ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa biyu. Baƙo zai tsallaka bai sani ba, ɗan gari kuwa ya san daidai inda ƙafarsa ta fita daga gida.

A bakin titin nan akwai wata makarantar sakandare da ta cancanci a tsaya a kanta. Mai kallon bakunan tagoginta da adon bangonta zai rantse aikin Andalus ne. Alhali Turawan Ostiriya ne suka gina ta a ƙarshen ƙarni na 19, suka ƙago wa Bosniya salon gini mai kama da na Musulunci amma wanda ba na Turkawa ba, domin raba zukatan mutane da Istanbul. Bayan yaƙi an haɗe shugabancin makarantar, sai dai yaran Musulmi da na Kuroshiyawa sun ci gaba da karatu kowa da tsarin darussansa. Ƙofa ɗaya suke shiga, tarihi biyu ake koya musu.

Sararin sama ma bai tsira ba. A shekarar 2000 an kafa gicciye mai tsawon mita 33 a kan dutsen Hum, wurin da aka riƙa harbo unguwannin Musulmi daga kansa, an kuma ɗaga hasumiyar wata majami'a ta haura mita 100. Adalci ya sa a faɗa cewa a gabas ma hasumiyoyin masallatai sun ƙaru, kuma ba kowacce aka gina don yawan masallata ba. Gini idan aka yi shi don maƙwabci ya gani ya ji haushi, sai a tambayi niyya, ko da kuwa masallaci ne.

A 2004 wakilin ƙasashen duniya Paddy Ashdown ya soke ƙananan hukumomi shida na birnin ya mayar da su ɗaya. A takarda Mostar ta haɗe. A aikace, rikici kan dokar zaɓe ya hana a zaɓi majalisar birni daga 2008 har zuwa Disambar 2020, sai da wata malamar makaranta, Irma Baralija, ta kai ƙara Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta yi nasara.

Mutumin Kaduna ba ya buƙatar dogon sharhi a nan. Tun rikicin shekarar 2000 jama'a suka yi ta ƙaura, Musulmi zuwa arewacin kogi, Kiristoci zuwa kudancinsa. Gada na nan, ana bi safe da yamma. Abin da ya kamata masu tsara birni su ƙidaya shi ne makarantu, asibitoci da kasuwannin da ɓangarorin biyu ke tarayya a kansu, da kuma mutum nawa ke yarda su kama hayar ɗaki a ƙetare.