Yadda ake shirya mota don ratsa rairayi

A ƙauyukan da ke kewaye da Ɗambatta, a arewacin jihar Kano, direbobin a-kori-kura da 'yan acaɓa sun san wahalar da yashi kan ba su da rani, musamman idan sun yi lodin hatsi ko dabbobi za su kasuwa.

Hanyar da ta ratsa garin ita ce ta bi ta Kazaure da Daura ta shiga jamhuriyar Nijar, ta wuce Damagaram har Agadez, inda tuƙi cikin rairayi ya zama sana'ar da kuskure kaɗan a cikinta kan jawo asarar rayuka.

Matsalar dai iri ɗaya ce a wuraren biyu. A kan kwalta taya birgima take yi, amma a cikin yashi nutsewa take yi, ta tara tudu a gabanta. Saboda haka inji kan yi aiki tamkar motar tana hawan dutsen da ba ya ƙarewa, kuma idan ba shi da ƙarfi sai motar ta kafe.

Sace iskar taya

Gyara na farko ba ya cin ko kwabo. Direbobin hamada kan rage iskar taya zuwa kusan rabin yadda take a kan kwalta, domin tayar ta baje a kan yashi maimakon ta tona shi.

Dabarar ta daɗe. Wani sojan Ingila, Ralph Bagnold, ya yi amfani da ita a shekarun 1920 da 1930 lokacin da yake ratsa hamadar Masar da Libiya da ƙananan motocin Ford, waɗanda ƙafafunsu biyu kawai ke ja.

To sai dai tayar da aka sace wa iska kan iya zamewa daga ƙarfenta a kwana, kuma tana saurin ɗaukar zafi a kan tsandauri. Shi ya sa famfon ba da iska ba ya rabuwa da direba.

Inji da giya

Wasu masu motoci kan sa manyan tayoyi da nufin ƙara wa mota ƙarfi, alhali kuwa hakan rage mata ja yake yi, domin inji na buƙatar ƙarin ƙarfi kafin ya juya babbar taya. Idan har za a sa su, sai an sauya haƙoran giya yadda injin zai riƙa juyawa da yawa, taya kuma tana juyawa a hankali.

Wasu kuma kan ɗaura wa injin dizal na'urar turbo, wadda ke cusa masa ƙarin iska domin ya ƙona mai da yawa. Ƙarfi kan ƙaru, amma zafi ma haka. Idan ba a faɗaɗa lagireto ba, injin na iya bugawa a inda babu makaniki.

Wannan ne ya sa ake ji da injin 1HZ na motar Toyota Land Cruiser, wanda ya fito a 1990. Silinda shida gare shi, ba shi da turbo, kuma ƙarfinsa bai wuce na doki 130 ba, amma yana da juriya da sauƙin gyara.

Ƙura ma abokiyar gaba ce. Idan matatar iska ta toshe inji kan shaƙe, idan kuma ta yage yashi ya shiga ya cinye silinda.

Lodi

Babu gyaran da ya kai rage kaya amfani, sai dai a nan ne riba ke karo da lafiyar mota. Motocin Toyota Hilux da ke tashi daga Agadez zuwa Dirkou da kudancin Libiya kan ɗauki mutane fiye da 20, ban da jarkokin ruwa da na mai.

Makanikai kan ƙara wa irin waɗannan motoci ganyen sifirin don kada su durƙushe. Amma sifirin ɗaukar nauyi kawai yake yi, ba ya ƙara wa inji komai, kuma kuloci ne ke shan wahalar.

A watan Oktoban 2013 an tsinci gawawwakin mutane 92 a arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya, bayan da motoci biyu da suka ɗauko su daga Arlit suka lalace. 52 daga cikinsu yara ne, 33 kuma mata, kuma akasarinsu sun fito ne daga yankin Kance na jihar Damagaram. Ƙishirwa ce ta kashe su.

Dokar hana safarar baƙin haure da Nijar ta kafa a 2015 ta sa direbobi da dama kauce wa sanannun hanyoyi da rijiyoyinsu, abin da ya ƙara hatsarin lalacewar mota. Gwamnatin mulkin soja ta soke dokar a watan Nuwamban 2023.

Tsofaffin direbobi dai kan fi son tafiya da sanyin safiya, lokacin da yashi bai yi laushi ba, kuma a ayari, ɗauke da shebur da igiyar ja da faifan ƙarfen da ake shimfiɗa wa taya idan mota ta kafe.