Zaɓen 2023 a Ƙasar Kaugama: Ɗan Ƙwadago Tsakanin Zafi Biyu

Ranar Asabar 25 ga watan Fabrairu 2023 ita ce ranar da mutanen Kaugama ta masarautar Haɗejiya suka fita zaɓen Shugaban Ƙasa da nauyin zuciya. A daminar 2022 ambaliya ta cinye gonaki da gidaje masu yawa a kwarin kogin Haɗejiya. Ba a gama farfaɗowa ba sai Babban Banki ya canza takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace a kasuwa. Manomi yana da riɗi da shinkafa, amma ba shi da abin sallamar wanda ya yi masa yini a gona.

Cikin wannan hali aka ajiye wa jama'a manyan 'yan takara biyu. Bola Ahmed Tinubu ya tsaya wa APC, jam'iyyar da ta shekara takwas bisa mulki, watau shi ya gaji kukan tsada da ƙarancin kuɗi. Atiku Abubakar kuwa ya tsaya wa PDP. Shi ne Mataimakin Shugaban Ƙasa daga 1999 zuwa 2007, ya kuma shugabanci majalisar sayar da kamfanonin gwamnati, abin da ma'aikata da yawa ba su manta ba. Talaka ya duba dama ya duba hagu, ya ga gaba kura baya sayaki.

Malamai sun san ƙa'idar nan cewa idan cuta biyu suka haɗu, babu makawa, sai a ɗauki mafi sauƙi. To, amma awo ba ya yiwuwa sai kayan sun bambanta. Abin da ya fi shafar cikin ma'aikaci shi ne tallafin man fetur, a kansa kuwa bakin mutanen biyu ɗaya ne: kowannensu ya faɗa a fili cewa zai janye shi. Saboda haka da yawa suka auna da jam'iyya, ko yanki, ko maganar wani babba, waɗansu kuma suka yi zamansu a gida. Cikin masu rajista fiye da miliyan 93 a Nijeriya, waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. A Jigawa Tinubu ya sami ƙuri'a 421,390, Atiku 386,587.

Ranar 29 ga Mayu 2023, wajen rantsuwa, sabon Shugaba ya ce tallafi ya ƙare. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin kwanaki kaɗan, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. A ƙasar fadama wannan ba maganar masu mota kaɗai ba ce. Injin ban ruwa fetur yake sha, haka babur ɗin da ke kai buhu kasuwar Malam Madori ko Haɗejiya. Idan mai gona ya rage fili saboda tsadar mai, hannun da ake fara sallama na ɗan ƙwadago ne.

Ƙungiyar ƙwadago ta NLC ta yi yajin aiki a watan Yuni 2024, a watan Yuli kuma aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000. Wannan ya taimaki malamin makaranta da ma'aikacin ƙaramar hukuma. Amma mai yankan shinkafa da ɗan dako da masunci da yaron shago ba su da takardar albashi, ba su da ƙungiyar da za ta zauna da gwamnati da sunansu. Su ne mafi yawa a Kaugama, su ne kuma ba a yi lissafi da su ba.

Darasin a fili yake ga malamai da fatake, waɗanda ake jin maganarsu a zaure da rumfar kasuwa. Idan masu neman ƙuri'a suka dawo, kada a tsaya ga tambayar wanda ya fi dama-dama. A tambayi kowa tun da wuri, gaban shaidu, abin da ya tanadar wa mai cin abinci da guminsa na yini, game da mai, da taki, da tsare gari daga ambaliya. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.