Balagar Siyasa: Yadda 'Yan Takara a Amurka Ke Neman Ƙuri'un 'Yan Asalin Latin Amurka

1.0 Gabatarwa

Balaga ita ce sarrafa harshe domin shawo kan mai sauraro. A wannan darasi za a dubi misalin Amurka, inda ƙidayar 2020 ta nuna cewa 'yan asalin Latin Amurka sun haura miliyan 62, da yawansu kuma Sifaniyanci ne harshensu na gida.

1.1 Zaɓen Harshe

Dabara ta farko ita ce yi wa mutum magana da harshen da ya tashi da shi. A 1960, Jacqueline, matar John Kennedy, ta fito a tallar talabijin tana nema wa mijinta ƙuri'a da Sifaniyanci. Zaɓen harshen shi kansa saƙo ne, wato "mu naku ne".

1.2 Aron Take

Taken "Sí, se puede", ma'ana "I, za a iya", ya samo asali ne a 1972 daga ƙungiyar leburorin gona wadda Cesar Chavez da Dolores Huerta suka jagoranta. A 2008, Barack Obama ya yi kamfe da makamancinsa na Ingilishi. Ta haka ya jingina kansa da gwagwarmayar da masu sauraro ke alfahari da ita.

1.3 Sosa Tabo

A 2020, kamfen Donald Trump a jihar Fulorida ya riƙa danganta Joe Biden da gurguzu. Kalmar na da nauyi ga waɗanda suka baro Kyuba da Benezuwela saboda irin wannan mulki, amma ba ta yin irin wannan tasiri a zuciyar ɗan asalin Meziko da ke Kalifoniya. Ashe nauyin kalma ya danganta da tarihin mai jin ta.

1.4 Inda Ake Tuntuɓe

Wasu 'yan siyasa sun rungumi sabuwar kalmar "Latinx" wajen kiran jama'ar, alhali binciken cibiyar Pew na 2020 ya nuna kashi 3 cikin 100 kacal ke kiran kansu da ita. Wanda ya kira ka da sunan da ba ka amsawa, ya nuna bai san ka ba.

1.5 Kammalawa

Wajibi ne malami ya koya wa ɗalibai rarrabe zaƙin magana da hujja, domin su ne masu zaɓen gobe.

Auna Fahimta

Kawo taken wata jam'iyya da ka sani, ka bayyana dabarar balagar da ke cikinsa.